Tambarin da ba ya tsallake Kamba

Buhu biyu wani Alhaji mai injin shinkafa ya sa yaransa suka sauke daga bayan mota, suka jingina da bangon ofishina a Birnin Kebbi. Dukansu masu kilo 25 ne, fari da kore, da hoton zangarniyar shinkafa a tsakiya, suna iri ɗaya a sama. Sai da ya ce in dubi bakin ɗinkin sannan na ga bambanci: nasa zare biyu ne, ɗayan zare guda. Ya sa wuƙa ya farke na biyun, ya ɗebo da hannu ya zuba a kan teburina. Rabinta karyayya, ga tsakuwa, ga warin daɗewa a sito.

"Barista, wanga ba nawa ba na," in ji shi. "Gaya aka samo shi. Mi za a yi?"

Na ce, "Alhaji, ka yi wa sunan nan rajista?"

Ya ce ƙwarai kuwa. Ya zaro takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daga aljihun babbar riga, an naɗe ta cikin leda don kada gumi ya taɓa ta.

Raina ya ɓaci a madadinsa, don na san amsa biyu zan ba shi kuma babu mai daɗi. Ta farko, takardar CAC sunan kamfani take karewa, wato sunan da yake buɗe asusun banki da shi. Sunan da ke jikin buhu da zanen da ke kewaye da shi tambarin kaya ne, kuma rajistarsa tana wani ofishi dabam a Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Ta biyu ta fi ciwo. Ko da ya yi waccan rajistar tun ranar da ya kafa injinsa, ƙarfinta a Kamba yake ƙarewa. Gaya Nijar ce. Mota tana kai shinkafa can kafin shayi ya huce, amma takardar Abuja ba ta binta.

Kan wannan ƙa'ida komai na fannin yake tsaye. Haƙƙin tambari da haƙƙin ƙirƙira kowace ƙasa ita ke bayar da nata, kuma iyakarsa iyakarta. Babu wata takarda guda da ake kira ta duniya, duk da yawan masu tallata hakan ga 'yan kasuwa. To, in haka ne, yaya kamfanonin lemo da na waya da na magani suke tsare sunansu a ƙasa ɗari ko fiye? Yarjejeniyoyi sun share hanya, gaskiya ne. Amma masu bin hanyar da ƙafa lauyoyi ne da suka san juna, kowa a ƙasarsa yana riƙe wa ɗan'uwansa aiki. Wannan zumuncin nasu shi ne abin da mu a Kebbi ba mu da shi, kuma rashinsa ya fi damuna a kan tsufan dokokinmu.

Kakanninmu sun san wannan tsari tun kafin a rubuta shi. Ayarin fataken goro da ke zuwa Gwanja yana yada zango a Jega, kuma babu madugun da ke shiga baƙon gari ya kama ciniki da ka. Yana da mai masauki. Shi ya san sarkin kasuwa, ya san mudun garin, ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. In rigima ta tashi, shi ke tsayawa gaban alƙali da harshen garin. Lauyan tambari da ke Yawunde ko Landan ko Dubai mai masauki ne ga lauyan da ke nan. Dokokin ƙasashe da yawa ma sun wajabta hakan: baƙo ba ya shigar da takarda da kansa, sai ta hannun wakili da ke zaune a ƙasar. Najeriya ita ma tana neman baƙo ya ba da adireshi a cikin gida inda za a riƙa kai masa takardu.

Asalin tsarin na zamani wani baje koli ne da aka shirya a Biyana a 1873, inda masu ƙirƙira daga wasu ƙasashe suka noƙe, suna tsoron a ga fasaharsu a kwaikwaya. Shekara goma bayan haka, a 1883, aka ƙulla Yarjejeniyar Faris, wadda Najeriya ta shiga a 1963. Abu biyu a cikinta suka fi shafar mai injin shinkafa. Na ɗaya, kowace ƙasa za ta yi wa baƙo daga ƙasar da ke cikin yarjejeniyar irin abin da take yi wa ɗan ƙasa. Na biyu, haƙƙin riga: wanda ya shigar da takardar tambari a gida yana da wata 6 ya shigar a wata ƙasa, a lissafta masa kamar ranar farko ya shigar. Ga ƙirƙira kuwa wata 12 ne. Idan Alhaji ya shigar a Abuja ranar 1 ga Maris, wani ya yi wuf ya shigar da sunan a can cikin Mayu, Alhaji ya iso a Yuli, Alhaji ne gaba. In ya iso a Oktoba, ya makara, kuma babu roƙon da zai gyara. Rabin wasiƙun da lauyoyin fannin ke aika wa juna a kan ranaku ne.

Yanzu dubi taswirar Kebbi. Jiha ce mai iyaka da ƙasa biyu, Nijar da Benin, kuma dukansu suna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar tambari da ƙirƙira mai hedikwata a Yawunde, wadda ke aiki da Yarjejeniyar Bangi ta 1977. Ƙasashe 17 ne a ciki, akasarinsu masu Faransanci, har da Kamaru, Chadi, Mali, Burkina Faso, Togo da Sanagal. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ƙasashen ba su da ofisoshin rajista na kansu. Takarda guda a Yawunde ta rufe duka 17 ɗin, tsawon shekara 10, ana sabuntawa. Ma'ana da shigarwa ɗaya Alhaji ya kare buhunsa a Gaya da Dosso da Yamai da Malanbil da Kwatano. Ma'ana kuma, wanda ya riga shi shigarwa ya rufe masa kasuwannin nan duka a rana ɗaya. OAPI ba reshen ECOWAS ba ce, don haka ficewar Nijar daga ECOWAS magana ce dabam.

Akwai ƙungiya ta biyu, ARIPO, a Harare, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Lusaka ta 1976, ta ƙasashe masu Ingilishi galibi, irin su Gana da Kenya. Najeriya ba mamba ba ce a nan, ba mamba ba ce a can. Haka kuma ba ta shiga tsarin Madrid ba, wanda ke ba mai tambari damar shigar da takarda ɗaya ta ofishin ƙasarsa, WIPO, hukumar haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janeba, ta rarraba ta zuwa ƙasashen da ya zaɓa cikin fiye da 120. OAPI ta shiga a 2015. Saboda haka ɗan kasuwar Dosso yana da gajeriyar hanyar da ɗan kasuwar Argungu ba shi da ita. Namu sai ya bi ƙasa ƙasa, kowace da wakilinta da kuɗinta. Na ji masu cewa shiga Madrid zai rage wa lauyoyin gida aiki, tunda kamfanonin waje ba za su buƙaci wakili ba wajen shigarwar farko. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ina ganin an auna abin da ma'aunin lauya, an manta da mai kaya.

To me lauyoyin suke faɗa wa juna idan sun haɗu? Manyan ƙungiyoyinsu tsofaffi ne. INTA ta fara a Amurka a 1878, 'yan kasuwa da masu masana'antu 17 suka kafa ta, yau taronta na shekara yana tara dubban mutane. AIPPI ta 1897 ce, FICPI ta 1906. Ana gabatar da maƙaloli, ana tsara shawarwarin da ake miƙa wa gwamnatoci. Amma cinikin gaske a gefen zaure yake, inda mutum biyu ke zama rabin sa'a, kowa yana auna ɗan'uwansa: in na turo maka aikin mai gidana, za ka riƙe amana? Za ka tuna ranar sabuntawa? Za ka gaya mini gaskiya in shari'ar ba mai ci ba ce? Abin da suke musaya shi ne ilmin da ba ya cikin littafin doka. Yadda masu duba takardu a ofishi kaza suke kallon suna biyu masu kama da juna. Wace kotu ce ke saurin ba da umarnin kama jabun kaya. Wace takardar wakilci ce sai an buga mata hatimi, wacce ce sa hannu ya isa.

Bambance-bambancen ba ƙanana ba ne. Dokar tambarinmu ta 1965 ce, an ɗauko ta daga dokar Ingila ta 1938 wadda su can suka daɗe da sauyawa. Rajistar farko a nan shekara 7 ce, sabuntawa kuma 14 14, alhali yawancin duniya 10 10 ake yi. Lauyan waje da bai tambaya ba zai sa wa kansa ranar da ba ita ba. Sai a 2023 gyaran doka ya shigar da ayyukan hidima ƙarara cikin abin da tambari ke karewa. A Amurka amfani da tambari a kasuwa shi ne ginshiƙi, har sai ka rantse tsakanin shekara ta biyar da ta shida cewa kana amfani da shi, in ba haka ba a soke. A Sin wanda ya riga shigarwa shi ke da suna. Wannan ya shafi 'yan kasuwarmu da ke zuwa Guwanzu a buga musu batir ko takalmi ko injin ban ruwa da sunan da suka zaɓa. In wani ya yi wa sunan rajista a can, yana iya sa kwastan ta tsare kayan tun ba su bar tashar jirgin ruwa ba, mai suna yana Jega yana jiran kwantena.

Har harshe yana shiga. Dokarmu ba ta yarda mutum ya mallake kalmar da ke bayyana kayan kai tsaye ba, ko sunan wuri a ma'anarsa ta yau da kullum. Ba wanda zai riƙe "Shinkafar Kebbi" shi kaɗai, kuma daidai ne. Amma mai duba takarda a wata ƙasa bai san Hausa ba. In aka kai masa kalmar "Tsaba" ko "Gumi" a matsayin tambarin shinkafa, zai ɗauka suna ne ƙirƙirarre, sai in an sami wanda ya ce masa a'a, wannan kalmar kowa ce a kasuwa. Wanda zai faɗa masa lauya ne mai jin Hausa da ke cikin zumuncin, yana duba mujallun rajista, yana shigar da ƙin amincewa kafin wa'adi ya cika. A Najeriya wa'adin wata 2 ne daga ranar da aka buga tambarin a mujalla.

Ɓangaren ƙirƙira ya fi wuya, kuma a nan ne muke asarar da ba a gani. A ɗauka wani malami a jami'ar Aliero ko ta tarayya da ke Birnin Kebbi ya ƙera murhun gumi da ke cin ɓuntun shinkafa maimakon itace, da wata dabarar iska da ba a taɓa yi ba. Abu na farko da zai yi shi ne rubuta maƙala, don da ita ake ƙarin girma. Na biyu ya sa bidiyo a Facebook. Sai daga baya wani ya ce masa ya nemi takardar mallakar ƙirƙira. A lokacin ya riga ya kashe sabuntar abin da hannunsa, domin sharaɗin farko shi ne kada a taɓa bayyana shi ga jama'a ko'ina a duniya kafin ranar shigarwa. Amurka tana ɗaga wa mai ƙirƙira ƙafa na shekara guda. Turai ba ta yi. Irin wannan ne lauya ke sani daga bakin takwaransa, ya gargaɗi mutum tun kafin ya hau mumbari.

Akwai kuma wani abin da ya kamata mai ƙirƙira ya ji da kunnensa. Dokarmu ta 1970 ba ta ɗora wa ofishin rajista binciken ko abin sabo ne ba. Ana duba cikar takardu, a bayar, kuma dokar da kanta ta ce ana bayarwa ne a kan kasadar mai nema. Takardar tana iya kai shekara 20, amma ƙarfinta na gaske sai ranar da aka ja ta a Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin irin wannan shari'a. Wanda ke son sanin nauyin abin da ya ƙera yana da hanyar PCT, yarjejeniyar 1970 da Najeriya ta shiga a 2005. Takarda ɗaya, sai a yi masa bincike na ƙasa da ƙasa a gaya masa abin da aka riga aka sani a fannin, kuma ya sami wata 30 daga ranar farko kafin ya zaɓi ƙasashen da zai kashe kuɗi a kansu. Zuciyar takardar ita ce jerin iƙirarin da ke zana iyakar abin da mutum ya mallaka, kamar yadda ake kafa turakun gona. In ka faɗaɗa ka shiga gonar wani a rushe, in ka ƙuntata maƙwabci ya canza ƙusa ɗaya ya wuce. A Turai da Amurka masu rubuta wannan sai sun karanta kimiyya ko injiniyanci sannan su ci jarrabawa ta musamman. Mu ba mu da wannan matakin, shi ya sa NOTAP, hukumar gwamnati mai kula da shigo da fasaha da bunƙasa ta, da ofisoshinta a jami'o'i suke da muhimmanci, shi ya sa kuma haɗa hannu da masu rubutun na waje ba abin kunya ba ne.

Wani zai ce duk wannan wasan manya ne, an tsara shi don kamfanonin Turai su tatsi talaka. Ban ƙaryata shi gaba ɗaya ba. Rigimar maganin ƙanjamau da ta kai ga Sanarwar Doha ta 2001, wadda ta ce kada haƙƙin ƙirƙira ya hana ƙasashe kare lafiyar jama'a, shaida ce cewa tsarin yana iya danne marar ƙarfi. Amma dubi abin da Indiya ta yi. A 1995 aka ba da takardar ƙirƙira a Amurka kan amfani da kurkum wajen warkar da rauni, abin da kowace tsohuwa a can ta sani. Hukumar binciken kimiyyarsu ta tattaro tsofaffin rubuce-rubuce, aka kai ta hannun lauyoyi, aka soke takardar a 1997. A shekarar ce wani kamfani a Texas ya sami takarda kan shinkafar basmati, Indiya ta ja, zuwa 2001 yawancin iƙirarin sun zube. Habasha ta yi ja-in-ja da kamfanin Starbucks na Amurka kan sunayen gahawarta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, suka daidaita a 2007. Ba zanga-zanga ce ta ci waɗannan ba ita kaɗai, sai da aka sami waɗanda suka san wace takarda ake kaiwa wane ofishi kafin wace rana. A Mayun 2024 ma ƙasashen WIPO sun amince da sabuwar yarjejeniya da ke neman mai neman takardar ƙirƙira ya faɗi ƙasar da ya samo tsiro ko ilmin gargajiyar da ya gina a kai.

Misalin da ya fi kusa da mu albasa ce. Wani kamfanin iri da ke Sanagal ya taɓa neman OAPI ta mallaka masa irin albasa da sunan ta Galmi, garin nan na jihar Tawa. Nijar ta tashi tsaye, bai samu da wannan sunan ba. Daga baya aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasar da suka fito, kamar yadda aka yi wa barkonon Penja na Kamaru a 2013. Duk lokacin da na bi ta Aliero a kakar albasa na ga tirela tirela ana lodi zuwa Kudu da ƙetare, wannan labarin nake tunawa. Sunan Aliero yana ƙara wa buhu daraja, kuma kowa yana iya rubuta shi a kan kowace albasa. Dokar tambarinmu ta tanadi tambarin shaida, wanda ƙungiya ke riƙewa ta ba duk wanda kayansa suka cika sharaɗi. Ƙungiyar manoman albasa ko ta shinkafa tana iya fara wannan ba tare da jiran sabuwar doka ba.

Wasu dattawan kasuwa sukan tambaye ni ko addini ya yarda mutum ya mallaki suna. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da ƙirƙira haƙƙoƙi ne masu ƙimar dukiya, kuma bai halatta a yi musu ta'adi ba. Ko ba fatawa ma, wanda ya zuba tsakuwa a buhun da ke ɗauke da sunan wani ya yi algus sau biyu, ya cuci mai saye ya cuci mai suna. Hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, a kan tarin abinci aka faɗe shi, wanda aka ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zumuncin nan hanya ɗaya yake bi a ƙasarmu. Aiki yana shigowa daga Landan da Niyu Yok zuwa manyan ofisoshin Legas da Abuja, a kare sunayen baƙi a kasuwarmu. Ba laifi ba ne, halal ɗinsu suke ci. Amma tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma a jihar nan a Nuwamban 2015, aka fito da LAKE Rice, shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi, a 2016, injuna manya da ƙanana suka cika Argungu da Birnin Kebbi da Kamba da Yawuri, kowanne da sunansa a buhu, ban ga aikin da ke fita daga nan ya yi daidai da kayan da ke fita ba. Tikitin jirgi da biza da kuɗin taron INTA sun fi ƙarfin lauyan da ke Birnin Kebbi, na sani. Amma ba Amurka muke buƙata da farko ba. Dosso muke buƙata, da Yamai da Kwatano, kuma da mota ake zuwa. Lauyan Yamai da ke jin Hausa ko Zabarmanci ya fi mana amfani a yau a kan goma a Turai. Ƙasashen Afirka sun amince da ƙa'idar haƙƙin mallakar fasaha ta yarjejeniyar ciniki maras shinge a Fabrairun 2023, kuma idan shingen haraji ya sauka, buhun jabu zai yi tafiya da sauƙin da na gaske zai yi.

Alhaji ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Barista, a fara da wane?" Muka fara da Abuja. Aka bincika, babu mai sunan a aji na 30, inda shinkafa take cikin azuzuwa 45 na rabon kaya da ayyuka. Muka shigar da sunan da zanen zangarniyar, na rubuta ranar a bangon fayil da jan biro, na ƙirga wata 6. Samun wakili a Yawunde ya ci mini mako uku, ta hannun wani abokin karatuna da ke Legas wanda ya san wata lauya a can. Ita ce ta gaya mini abin da ban sani ba: rajistar a Yawunde ake yi, amma kama kayan jabu sai kotun Nijar ta ba da umarni, ma'aikacin kotu ya je ya ƙirga buhunan ya rubuta, don haka za mu buƙaci mutum na uku a can. Ta turo takardar wakilci da Faransanci. Na karanta wa Alhaji ita da Hausa layi layi, ya tambayi kuɗin, ya mayar da shi lissafin buhu a ransa, ya yi shiru kaɗan, ya karɓi biro ya sa hannu.